CVOL na CME: ra'ayina daga Damagaram

Jama'a masu bin zinariya da canji, in kuna son sanin irin tangal-tangal ɗin da kasuwar opshon (kwangilar da ke ba mutum damar saye ko sayar da abu nan gaba a farashin da aka tsayar) ke hasashen farashi zai yi a kwana 30 masu zuwa, ku duba CVOL, lambar da ke auna wannan tangal-tangal ɗin, na kasuwar CME ta Shikago. Akwai zinariya, azurfa da yuro kan dalar Amurka, wannan na ƙarshen ni ya fi min amfani tunda sefa tamu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da ɗigo 957 ne, ba ta motsi, duk inda yuro ta yi nan muke bi. Wallahi lambar na tashi sai in rage abin da zan zuba. Naira dai babu ita sam a cikin CVOL, ga shi ita ƴan kasuwar Dole ta nan Damagaram suka fi tambaya.