Shekara Guda da Ƙaramin Akwatin Rediyo Mai Gajeren Zango

A watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna kuma yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu, na je Kasuwar Sabon Gari a Kano na sayi ƙaramin akwatin rediyo ƙirar ƙasar Sin, irin mai farantin sola a bayansa da fitila a gefe. Ban saye shi don sha'awa ba. Wayata ce ta mutu, layin masu cajin waya a unguwarmu ya yi tsawo, ni kuwa mutum ne da ba ya iya karyawa da safe bai ji halin da ƙasa ta kwana ba. Mai shagon ya murɗa mini shi ya kama tashoshi biyu, ya ce, "Malam, wannan ko a daji kake zai kawo maka Landan." Kuɗinsa bai kai abin da nake kashewa a data cikin wata biyu ba, kuma wannan kafin hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025.

Game da akwatin kansa, yabona yana da iyaka. Zangon FM yana fita tangaran, kuma caji ɗaya yana kai ni kwana uku idan ban kunna fitilar ba. Farantin solar kuwa kusan ado ne, domin na taɓa shanya shi a kan katanga tun hantsi har la'asar, abin da ya tara bai wuce na labaran dare ɗaya ba. Eriyarsa siririya ce, ta karye a wata na huɗu, sai da mai gyara ya ɗaura mata waya. Babban aikin yana wajen gajeren zango: allurar ba ta tsayawa daidai kan lambar da aka rubuta, saboda haka dole mutum ya koyi tashoshin da kunne da yatsa, kamar yadda iyayenmu suka koya. Da rana sai a nemi mita 16 ko 19, da asuba da dare kuma a koma wajen mita 25 ko 31 ko 41. Na kuma gano cewa cajar waya da ƙwan fitilar zamani suna cika shi da ƙugi, har ya zama idan an kawo wuta muryar mai karanta labarai tana dusashewa, idan an ɗauke kuma ta dawo garau. Wannan ne kaɗai abin da na sani a gidana wanda ɗauke wuta yake yi wa amfani.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne yadda akwatin ya sauya mini hanyar jin labarin siyasa. Kafin in saye shi, kusan duk abin da nake sani game da 'yan siyasa daga Facebook da WhatsApp yake zuwa, a gutsuttsure, daƙiƙa talatin ko arba'in da wani ya yanko ya ɗora wa kanun da ya ga dama. A ƙarshen Disambar 2024, shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi hira da Hausa inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula ƙasarsa. Kafin gari ya waye guntayen hirar sun cika wayoyi, kuma a teburin mai shayin da nake zama an riga an yanke hukunci, wasu sun ce an sayar da Arewa, wasu sun ce soja ne yake neman wanda zai ɗora wa laifi. Da na kunna rediyo sai na ji zargin da muryar mai shi, na ji martanin Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro, a sashen Hausa na BBC, na kuma ji ɗan jarida yana katse baƙonsa yana maimaita tambayar da aka kauce wa. Ban fita daga sauraren da tabbacin wane ne mai gaskiya ba, amma na fita da sanin abin da kowane ɓangare ya faɗa da bakinsa da kuma inda ya yi shiru, wanda guntun bidiyo ba ya taɓa nunawa.

A wannan watan ne kuma na fahimci darajar gajeren zango da kanta. Hukumomin Nijar sun dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, bayan sun riga sun dakatar da gidan rediyon Faransa, RFI, tun Agustan 2023, kuma abin da irin wannan umarni yake iya rufewa shi ne tashoshin FM na cikin gida da suke karɓo shirye-shiryen. Wani ɗan'uwanmu da yake fatauci tsakanin Maraɗi da Kano ya ga akwatin a hannuna ya yi dariya, ya ce ai su can tuni tsofaffin rediyoyi suka fito daga ƙarƙashin gado, tun da muryar da take tahowa daga wata nahiya ba ta tsayawa a kan iyaka a duba mata takardu.

Sai dai akwatin ya koya mini ɗaya gefen ma. A tsakiyar Maris na 2025, bayan umarnin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu, Muryar Amurka, wadda take magana da Hausa tun 1979, ta yi tsit. Na yi kwanaki ina murɗawa a inda na saba samunta ina zaton laifin eriyata ne. Wannan ya tuna mini cewa BBC da ta fara Hausa a 1957, da DW ta Jamus a 1963, da RFI a 2007, duk gidaje ne na wasu ƙasashe, da kuɗin wasu ake gudanar da su, kuma ranar da mai kuɗin ya sauya ra'ayi ba za a nemi shawarar mai saurare a Fagge ko Zinder ba. Abin takaici ne a ce bayan shekaru fiye da tamanin da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, har yanzu idan babban jami'inmu yana son Bahaushe ya gaskata shi, sai ya nemi makirufon baƙo.

Tashoshinmu na gida, waɗanda suka yawaita tun bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, sun fi kowa sanin ciwonmu: rijiyar burtsatsen da ta lalace, farashin taki, malamin da ba a biya ba. A nan ba su da na biyu. Amma da an idar da sallar isha sai filayen siyasa su buɗe, sojojin baka su hau, kowa yana wasa gwaninsa yana yi wa abokin hamayya habaici, kuma sau da yawa ba a gaya wa mai saurare cewa filin saye aka yi. Na sha jin mutum guda yana yabon wanda ya zaga watanni kaɗan baya, da murya ɗaya da rantsuwa ɗaya. Duk da haka ban ji daɗin sanarwar da gwamnatin Kano ta yi a Mayun 2025 ta hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye ba, domin a ganina maganin filin saye shi ne a bayyana wanda ya biya, kuma mai mulki ba shi ne ya dace ya riƙe maɓallin makirufon masu sukarsa ba.

Wanda yake son saye, shawarata ita ce ya gwada gajeren zangon a shagon kafin ya biya, ya zaɓi wanda ake iya cire batirinsa a sauya, kada kuma ya ƙara ko sisi saboda farantin sola. Nawa yanzu yana hannun Baba, wanda ya karɓa da sunan aro a watan azumi, ya ɗiga jan fenti a kan gilashin daidai inda allura take kama tashoshinsa uku, kuma duk lokacin da na tambaya sai ya ce in bari a gama labaran ƙarfe takwas da rabi.