Maldibi ko Zanzibar: amsa ga Hajiyar da maigida ya bar wa zaɓi

Hajiya, kin ce Alhaji ya ba ki wuƙa da nama: ki zaɓi Maldibi ko Zanzibar, ku biyu ba yara, kwana bakwai a ƙarshen Janairu. Yau saura mako biyar, fasfonku na Najeriya ne, kuma babban burinki wurin da za ki shiga ruwa ba idon kowa a kanki. Na ga 'yan'uwa suna ta turo miki hotuna. Hoto ba zai raba wannan gardama ba, don a hoto duk jirgi ɗaya ya kwaso su: farin yashi, shuɗin ruwa, bishiyar kwakwa ta karkata. Na kwana a duka biyun. Maldibi kaɗaici take sayarwa, da tsada. Zanzibar ƙasa ce mai jama'a da kasuwa da tarihi, sai Allah ya haɗa mata da bakin teku.

Bari in fara da takarda, don ita ke iya kashe magana tun ba a kai ga daɗin ruwa ba. Abin mamaki, ta nesan ce mai sauƙin shiga. Maldibi tana buga wa baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, in dai yana da fasfo mai rai, tikitin komawa da shaidar kama masauki. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin sauka, shi ma ba a biyan ko sisi, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ki rufe shi. Zanzibar kuwa ɓangaren Tanzaniya ce tun haɗewar 1964, kuma Tanzaniya ta sa fasfon Najeriya, da na Nijar da Chadi, cikin rukunin da ba a ba su biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta duba takardun ta amince. Su da bakinsu suna cewa a nema da kamar wata biyu, kuma kada a yanki tikiti sai amsa ta fito. Ke mako biyar gare ki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan biza, tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar gwamnatinta ta dala 44, ko da yana da wata a hannu. Katin rigakafin cutar shawara kuma duka biyun za su tambaye ku, tunda daga Najeriya kuka taso.

A hanya Zanzibar ce ta yi nasara, ba ko tantama. Jirgin Habasha yana ɗauka daga Kano ko Abuja zuwa Addis Ababa, daga nan ƙasa da awa uku kun sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Mota ta ɗauke ku, awa ɗaya da rabi kuna Nungwi a arewacin tsibirin, kamar awa ɗaya kuna Paje ta gabas. Agogonsu ya fi namu da awa biyu. Maldibi sai an ratsa ta Doha, Dubai ko Istanbul: wajen awa bakwai daga Abuja zuwa Doha, a yi jira, a ƙara kusan biyar zuwa Malé, babban birnin Maldibi, agogo kuma ya tsallake awa huɗu. Kwana ɗaya ya tafi a zuwa, ɗaya a dawowa.

Kuma saukar ba ita ce isowa ba. A nan mutane da yawa ke cin tuntuɓe. Maldibi tsibirai ne kusan 1,190 a warwatse cikin Tekun Indiya, wajen 200 ne kawai ke da mazauna. Tsarinsu tun da aka buɗe otal na farko, Kurumba, a 1972, shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Filin jirgin Velana, inda za ku sauka, shi kansa a kan nasa tsibirin yake. Saboda haka daga nan sai dai otal ɗinku ya kwashe ku, ko da jirgin ruwa mai gudu in yana kusa, ko da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa in yana nesa. Wannan ƙaramin jirgi abin kallo ne, mutum goma sha ne a ciki, direbobin ba takalmi a ƙafarsu, ƙara kamar injin niƙa, ta taga kuma tsibirai a jere kamar an watsa tsakiya. Amma da rana kawai yake tashi. In jirginku ya sauka bayan la'asar, a Hulhumalé, tsibirin da ke kusa da filin jirgi, za ku kwana a ƙaramin otal, alhali kun riga kun biya ɗakin alfarma na wannan daren. Ni ma na ɗanɗana, kuma laifina ne, ban dubi lokacin sauka ba kafin in biya. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne kowane mutum, galibi ba ya cikin farashin da ake gani a talla. Kaya kuma kilo 20 ne da 5 na hannu, abin da ya haura a biya. Ki rage akwatunan, Hajiya, can ba biki za a je ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunki, wato sirri. A Zanzibar bakin teku na kowa ne. Otal yana da katangarsa da masu gadinsa, amma da kin taka yashi kin shiga gari: masunta, yara masu ƙwallo, masu kitso da lalle, da samarin da ke bin baƙi da tallar yawon jirgin ruwa, waɗanda ba sa jin "a'a" ta farko. Ba mugaye ba ne, neman abinci suke, amma mai neman kaɗaici za ta gaji. Sannan akwai halin tekun. A gabas, wajen Paje, Jambiani da Matemwe, ruwa yakan ja da baya sau biyu a kwana, ya yi nisa sosai, ya bar fili inda mata ke noman ciyawar teku a jikin igiyoyi. Kallonsa akwai daɗi, amma wanka sai an duba jadawalin dawowar ruwa. Nungwi da Kendwa ne ake shiga ruwa kowane lokaci, su ne kuma suka fi cunkoso da kiɗan dare. Akwai keɓaɓɓun wurare irin tsibirin Mnemba, sai dai farashinsu ya kamo na Maldibi, wani lokaci ya wuce.

A Maldibi ba mai taka tsibirin sai baƙin otal da ma'aikata. Amma ki saurara da kyau, don a nan hoto ke yaudara. Ɗakunan nan da aka kafa a kan ruwa, waɗanda kowa ke mafarkinsu, a jere suke kamar shagunan kasuwa. Akwai shinge tsakaninki da maƙwabci, amma gaban a buɗe yake ga teku. Mai ninƙaya zai wuce, ƙaramin kwale-kwale zai wuce, na ɗakin da ke fuskantarku yana hango matakalarku. In sirri na gaske kike so, ɗakin da ke kan tudu mai kewayayyen tsakar gida da nasa tafkin wanka ya fi, kuma sau da yawa ya fi araha. Ni da ni ce, sai in raba: kwana uku a na tudu, biyu a na kan ruwa, in roƙi na can ƙarshen gada mai kallon buɗaɗɗen teku. A teku ki sa rigar ninƙaya mai rufe jiki, ba mai kallonki sau biyu, baƙi daga ƙasashen Larabawa sun saba musu da ita.

Kuɗi. Iya kuɗinka iya shagalinka, gaskiya ne, amma a Maldibi har ruwan sha shagali ne. Tunda ba wani gidan abinci sai na otal, ba kanti, ba mai shayi, abin da suka rubuta shi za a biya. Kusan komai da jirgi ake shigo da shi. Za ki ga farashi da alamar tarawa biyu a gabansa: ta farko kashi 10 ne na hidima, ta biyu harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 daga Yulin 2025. Abincin dala 100 ya zama kusan 129 ke nan. Ga harajin muhalli, dala 12 kowane mutum kowane dare tun Janairun 2025, ku biyu kwana bakwai dala 168. Don haka kada Alhaji ya ruɗu da farashin ɗaki da karin kumallo kawai. Ku karɓi tsarin da ya haɗa abinci sau biyu ko sau uku. Tsarin "komai a ciki" kuwa ku yi lissafi tukuna, don kaso mai yawa na kuɗinsa na giya ne, ku kuma ba sha kuke ba. A Zanzibar in abincin otal ya ishe ki, sai ki fita. Da magariba a lambun Forodhani ana gasa kifi da nama, ga ruwan rake da citta da lemun tsami, ga filau mai ƙamshin kanumfari a cikin gari, da kuɗi kaɗan. Otal mai daraja ɗaya, yawanci Zanzibar ta fi sauƙi da tazara mai yawa. Ku riƙe katin asusun dala, otal kan riƙe wani abu a kai ranar shiga, takardun dala kuma su zama sababbi, tsofaffi ba sa karɓuwa a Tanzaniya.

Ta fuskar addini duka biyun gida ne, amma kowacce da salonta. Maldibi ta karɓi Musulunci a 1153, tsarin mulkinta ma ya ce sai Musulmi ne ɗan ƙasa, kuma an hana shigo da giya da naman alade a jaka. Sai dai tsibiran otal suna da lasisin sayar da su ga baƙi. Ki rubuta musu tun kafin zuwa su kwashe kwalaben da ke firjin ɗaki, a wurin cin abinci kuma ki karanta alamar kowace tukunya. Yawancin otal suna da masallacin ma'aikata, Alhaji ya tambaya za a nuna masa. A Zanzibar ba sai an tambaya ba, kiran salla zai same ku a ɗaki, mata da mayafi, maza da farar jallabiya da hula, sai ki ɗauka wata unguwa ce a Kano aka kai bakin ruwa.

Ga wani abu da ba a faɗa a talla: gundura. Tsibirin otal a Maldibi, da yawansu cikin minti ashirin an kewaye shi da ƙafa. In ba ku leƙa kifi a kan murjani, ba ku karatu, ba ku iya zama ku biyu shiru, rana ta huɗu Alhaji zai fara neman labaran gida a waya. Shi ya sa nake cewa kwana biyar ya isa. Zanzibar kwana bakwai ba sa isarta: lungunan tsohon garin Stone Town da ƙofofinsa masu sassaƙa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, gonakin kanumfari da kirfa da masoro waɗanda suka bunƙasa tun Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat, jajayen birai a dajin Jozani, manyan kunkuru a tsibirin Changuu.

Yanayi ba zai raba muku ba a Janairu, duka biyun rani ne. Maldibi tana kan ganiyarta daga Disamba zuwa Afrilu, farashi ma haka. Zanzibar zafi ne da rana, daminarta mai ƙarfi Maris zuwa Mayu ce. Sauro kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maldibi ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 2015, Zanzibar da ɗan saura, amma man korar sauro ki tafi da shi ko'ina.

Wani ɗan ratse, don ba na iya yin shiru a kansa. In kin tsinci farin wuri a yashin Maldibi, kuɗin kakanninmu kika tsinta. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, kuma wurin da aka yi ciniki da shi a Kurmi asalinsa daga waɗannan tsibirai yake. Matafiyin nan Ibn Batuta, wanda ya yi alƙalanci a Malé wajen 1343, ya ce can ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya, a Mali kuma ya tarar 1,150 ne dinari. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani wurin mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har darajar kuɗin ta zube. Wato tun a lokacin na Maldibi ne mai tsada. Ki kalla ki ajiye shi inda kika gan shi, ba a son baƙi su kwashi kayan teku.

To, a matsayinki, da mako biyar da fasfon Najeriya da neman sirri, Maldibi zan ce. Ku zaɓi otal a yankin Malé ta Arewa ko ta Kudu, wanda jirgin ruwa ke kaiwa cikin ƙasa da awa ɗaya dare ko rana, ku huta da zullumin ƙaramin jirgi da kuɗinsa. In kuma ranki ya biya sai kin hau shi, Alhaji ya nemi tikitin da ke sauka Malé da safe. Kafin a tura ko dala ɗaya, otal ya aiko muku jimillar kuɗi a rubuce, da jigila da haraji da abinci duk a ciki. Zanzibar ku ajiye ta sai hutun Agusta, lokacin can sanyi-sanyi ne ba ruwa, Maldibi kuma tana cikin iska da hadari. Ku tafi da yaran, su ne za su fi jin daɗin kunkurun, a fara neman biza tun watan Mayu.