Fari, baƙi ko ruwan tagulla: wane talotalo za ka saya a Kumasi?

Maƙwabcina a unguwar Aboabo ya sayi farin toron talotalo, ya haɗa shi da macensa mai ruwan tagulla. Ta yi kwanci kwana 28, ta ƙyanƙyashe, ko fari ɗaya babu, har da baƙaƙe a ciki. Ya zo mini yana huci: "Malam, an cuce ni!" Na ce masa, "Alhaji, toronka bai yi laifi ba."

Farin gashi a talotalo kamar mayafi ne. Ba ya bayyana sai ɗa ya gaje shi daga uwa da uba duka biyu, in kuma ya bayyana sai ya rufe ainihin launin da ke cikin jinin tsuntsun. Toron Alhaji baƙi ne a ƙarƙashin mayafinsa, macen kuma ba ta ɗauke da fari, don haka baƙin ya fito fili. Amma kowane ɗa ya ɗauki farin a ɓoye. In aka haɗa biyu daga cikinsu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito fari tas. Lissafi ne na ƙwai masu yawa, a kwanci guda ana iya samun uku ko a rasa gaba ɗaya.

To, farin ma iri biyu ne, kuma nan ake yin asara. Akwai na gida mai matsakaicin jiki, akwai na gona mai faɗin ƙirji da ake sayarwa yana ɗan kwana ɗaya. Na gonar ya fi saurin girma, in an fige shi fatar fes take, babu ɗigon baƙin gashi. Mai son ya kiwata ya sayar lokacin Kirsimeti, sa'ad da kasuwar talotalo ke tashi a Kumasi, shi ya dace da shi. Sai dai nauyin ƙirji ba ya barin toron ya yi barbara, a manyan gonaki da hannu ake ɗura wa matan maniyyi. Ka saye shi don iri, ka ciyar da shi a banza.

Mai ruwan tagulla shi ne launin asali, na talotalon daji wanda mutanen Meziko suka fara kiwatawa kafin Sifaniyawa su kai shi Turai bayan shekarar 1500. Ni shi nake zaɓa wa mai farawa a tsakar gida, muddin na gida ne, domin yana barbara da kansa, macen tana kwanci. Baƙi kuwa ya fi tagulla ƙarfin jini, gado daga ɓangare ɗaya ya isa ya fito. Shi ya sa baƙaƙe biyu masu ɗauke da tagulla a ɓoye kan haifi mai tagulla, ba abin mamaki ba ne. Ja in ya haɗu da tagulla, 'ya'yan kan tsaya tsakani.

Akwai wani launi mai toka-toka, na irin Narragansett daga Amurka, da ke da nasa sha'ani. 'Ya mace daga ubanta kaɗai take gadonsa. Toro mai wannan launi da mace mai tagulla: matan su biyo uba, mazan su fito tagulla. Tun suna ƙanana ka soma rarrabe jinsi.

Saura tambayar ƙwai, 'yan tsaki ko manya. Ƙwai ya fi araha, amma cinikin biri a sama ne. 'Yan tsaki ma suna ruɗi, don gashin haihuwa ba shi ne na girma ba. Ɗan baƙi kan zo da fari-fari a fuska da ciki, ɗan fari rawaya ne, ɗan tagulla mai zane-zane. Ga su da raki, in ruwan saman Kumasi ya jiƙa su sanyi na iya kashe su. Manya sun fi tsada, amma abin da ido ya gani shi ka saya, ban da abin da ke ɓoye a jini.

Don haka in launi ya dame ka, kada ka tsaya ga abin da aka ɗauko maka a kasuwar Kejetia. Bi mai kiwon gida, ka ga uwa da uba, ka tambayi launin 'ya'yan da suka yi a baya. In mace ka saya, tambayi toron da take tare da shi, domin tana ajiye maniyyinsa a jiki makonni da dama. Ƙwan da za ta fara yi a gidanka na iya zama na tsohon toron.