Jirgi mai ƙasan gilashi a Hurgada: kifin mala'ika ne ya biya ni

Wanda bai iya iyo ba amma yana son ganin murjanin Bahar Maliya da idonsa, jiragen nan masu ƙasan gilashi na Hurgada a Masar sun ishe shi. Ana sauka cikin jirgin a zauna kan benci, gilashi hagu da dama, ko ɗigon ruwa ba ya taɓa mutum. Da hijabi ko babbar riga duk ana shiga.

Ni dai kifin mala'ika ne ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Faffaɗa ne kamar faifai, shuɗi, da tambari rawaya a gefe wanda ake cewa ya yi kama da taswirar Afirka, kuma gaskiya ya ɗan yi. Ɗan'uwansa mai zanen shuɗi da rawaya da baƙin rufi a ido yana kai santimita 40. Yaron wannan kuwa, wallahi sai ku rantse wani jinsi ne daban: shuɗi mai duhu da fararen zobba, sai ya yi wajen shekara biyu kafin ya ɗauki launin manya.

Na zuba wa wani kifin mala'ika ido yana kiwo dab da gilashin. Bai kula da ƙananan kifayen da ke gilmawa ba. Tsawaita baki yake yi ya ciji soson teku da ke manne a dutse, ya fizgo, ya ja baya. Soson nan yana da tsinke-tsinke da ɗaci, yawancin kifaye ba sa kusantarsa, shi kuwa kifin mala'ika, soson da gansakuka ne cimarsa. Maƙiyansa su ne manyan kifaye masu farauta irin su shak da hamur da barakuda, shi ya sa ba ya nisa da ramukan murjani. Ga kuma ƙaya mai tsini a ƙasan kumatunsa, wadda na gani sarai da ya juyo.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ma'aikatan jirginmu da suka riƙa watsa burodi a ruwa. Wasu kifaye masu zane suka yi caa suka rufe gilashin, wanda muke kallo ya yi tafiyarsa. Jagoran ma sai an tambaye shi yake magana, kuma gilashin ɓangarenmu duk ya karce.

Ku zaɓi lokacin da iska ba ta taso ba, ku kuma leƙa gilashin kafin ku biya. Mai saurin jiri ya sha magani tun daga masauki, don ƙasan jirgin babu iska.