Ta Hausa ko ta Turanci, wacce za ka fara da ita?

Ɗan'uwa, ka tambaya jiya da daddare cewa kana so ka fara gyara a Wikipedia amma ka rasa ta Hausa za ka shiga ko ta Turanci. To bari in faɗa maka abin da na gani, tunda ni dai na taɓa dukkansu biyun. Ni malamin tarihi ne a nan cikin Bauchi, kuma abin da ya ja ni tun farko shi ne tarihin masarautunmu, Bauchi da Katagum da Misau da Jama'are da Ningi da Dass, na duba na ga abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba. Wani ɗalibina ma da ya ji ina ta cewa wiki wiki sai ya ɗauka ruwan ɗumin Wikki na Yankari nake nufi, wai Malam yaushe za mu je wanka.

Ta Turanci ita ce uwa, tun 2001 aka buɗe ta kuma maƙalolinta sun haura miliyan 6, amma wallahi ƙofarta a matse take. Sabon asusu ba zai ƙirƙiri maƙala kai tsaye ba sai ya yi kwana 4 da gyara 10, kafin nan sai dai ka rubuta daftari ka tura ka zauna jiran mai dubawa, wani lokaci har makonni. Sannan maganar madogara, wato nuna inda ka samo bayanin da ka rubuta, nan ne ake karya sabbin shiga. Jarida suke so ko littafi ko binciken jami'a, kuma wanda bai da alaƙa da mutumin da kake rubutu a kansa. Abin da aka ɗora a Facebook ba hujja ba ne, abin da kakanka ya ba ka labari ma ba hujja ba ne ko da kuwa a gabansa aka yi. Maƙalata ta farko a kan wani tsohon hakimi ce, na kwana biyu ina bin dattawa ina tambaya, na zauna na rubuta tsaf, aka ƙi karɓa saboda babu takarda ko ɗaya. Raina ya ɓaci sosai, sai daga baya na gane editan da ke Ingila ko Indiya ba shi da hanyar sanin ko ƙirƙira na yi.

Ta Hausa kuwa fili ne fetal. Yau ka buɗe asusu yau za ka iya ƙirƙirar maƙala, kuma garuruwa da malamai da sana'o'i da yawa babu wanda ya taɓa su. Amma fa sauƙin nan shi ne ciwonta. Akwai manhajar fassara a ciki, sai ka ga mutum ya danna, inji ya juye masa, ya wallafa bai ko karanta ba, musamman lokacin gasa da kowa ke neman yawa. Misali a Turanci kalma ɗaya ce take nufin marmaro da kuma bazara, to ka bar wa inji ruwan ɗumin Wikki ka ga yadda zai iya maida shi lokacin bazara. Rabin aikina yanzu share irin wannan ne, kuma gaskiya ya fi rubuta sabuwa gajiyarwa. Sai haruffa masu lanƙwasa, ka saka kibod ɗin Hausa a wayarka tun yanzu, don ƙasa daban kasa daban.

Dokar madogara dai ɗaya ce a duka biyun, kawai a ta Hausa masu sa ido ne ba su da yawa. Kuma ko littafin ma sai ka lura da shekararsa, tsoho zai nuna maka Gombe a ƙarƙashin jihar Bauchi alhali tun 1996 aka cire ta.

Kuɗi kam babu a ko wacce, aikin sa kai ne, datarka za ka ƙona. Hoto kuma a Commons, wato rumbun da Wikipedia ke ɗauko hotuna, ake ɗorawa sai ya yi aiki a duka biyun, amma wanda ka ɗauka da hannunka, ba na intanet ba, idan ka biya ta kabarin Tafawa Ɓalewa ka ɗauko mana.

Ni a ganina ka fara da ta Hausa, ka nemo maƙalar ƙaramar hukumarku ka gyara sakin layi ɗaya ka sa masa madogara. A ta Turanci kuma ka riƙa ƙananan gyara, sunan gari da aka rubuta ba daidai ba da makamantansu, har asusun ya yi ƙwari. In ka yi na farkon turo min in duba.