Kuɗin littafi uku: wanne mai hidima a sashen Hausa zai fara saya?

Bayan an tashi sujada ranar Lahadi, matashin mai bishara da ke taimaka mini a sashen Hausa na ikilisiyarmu a Legas ya biyo ni ofis. Zumuntar mata ta haɗa masa ɗan abin da ya samu domin ya sayi littattafai. "Baba Fasto," in ji shi, "kuɗin ba za su wuce littafi uku ba. Wanne zan fara ɗauka?" Na san akwai irinsa a Agege, Mile 12, Obalende da barikin Ojo, shi ya sa nake rubuta amsar da na ba shi.

Na ce masa ya fara da Littafi Mai Tsarki na Hausa, na takarda, ko da yana da shi a waya. Amma wace fassara? Cikakkiya ta farko ta fito a 1932, bayan shekarun aikin da Likita Walter Miller na CMS (ƙungiyar mishan ta Anglican) da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Zazzau. Dattawanmu da ita suka haddace ayoyi, kuma har yau in aka karanta ta sai ka ga tsofaffi suna bin karatun da baki. Matsalarta ita ce Hausarta ta yi wa 'ya'yanmu nauyi. Jama'armu a nan Legas Bajju ne, Berom, Tangale, Ngas, Bachama. Hausa ce ta haɗa mu, amma da yawa ba ita suka sha a nono ba. Fassarar 1979 ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya ta fi sauƙin shiga kunne, ita ce kuma a hannun yawancin masu zuwa sujada. Akwai Sabon Rai Don Kowa, mai Hausar yau da kullum, ina son ta wajen koyar da matasa da sababbin tuba. Don bagade kuwa, ka sayi irin wadda jama'arka ke riƙe da ita. Ba abin da ke raba hankalin ikilisiya kamar fasto yana karanta wata kalma, su suna ganin wata.

Ka duba girman rubutu da ɗinkin bango. Laimar Legas ba ta barin littafin da aka manne da gam kawai. Damina biyu, shafuka sun fara zubewa.

Na biyu, sharhin Littafi Mai Tsarki. Mutane da yawa suna rugawa wajen na Matthew Henry domin yana da araha, ana ma samunsa kyauta a intanet. Mutumin Allah ne, ya rasu tun 1714, kuma akwai abinci a rubutunsa. Sai dai Turancinsa na zamanin dā ne, tambayoyin da yake amsawa kuma na mutanen Ingila ne na lokacinsa. Ni na fi tura mai hidima wajen Africa Bible Commentary, wanda ya fito a 2006, Tokunboh Adeyemo ya jagoranci aikin, malamai saba'in 'yan Afirka suka rubuta. Ban da bayanin kowane littafi, akwai gajerun maƙaloli a kan maita, auren mace fiye da ɗaya, gadon gwauruwa da sauran abubuwan da ake kawo wa fasto da daddare, ana kuka. An fassara shi zuwa Hausa. Yana da tsada, kuma da yake kundi ɗaya ne, wasu ayoyi masu wuya layi kaɗan suka samu. Duk da haka, in sharhi ɗaya za ka mallaka, wannan ne.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, abin kuma yana damuna ƙwarai: tarihi. A tashar jirgin ruwan garin nan Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disamba 1893 da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato yankin kudu da Sahara da ya haɗa da Arewacin Najeriya. A ƙarshen 1894, Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Daga wannan iri ƙungiyar mishan ta SIM ta tsiro, ikilisiyar ECWA da ta haifa kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Nawa ne cikin masu wa'azinmu suka san haka? Littafin E.P.T. Crampton a kan Kiristanci a Arewacin Najeriya ya fi faɗi, ya taɓo CMS, SIM, mishan ɗin SUM ta Karl Kumm da ta fara a Wase a 1904, har da Katolika, amma labarinsa bai iso zamaninmu ba, samun sabon bugu kuma sai an sha wuya. Rubuce-rubucen Farfesa Yusufu Turaki sun fi zurfi a kan SIM da ECWA, da idon ɗan gida. Ɗan ikilisiyar COCIN ko EYN zai fi amfana da na farkon, ɗan ECWA da na biyun.

Ƙananan littattafan nan masu sheƙin bango da ake tallarsu a Oshodi da cikin cunkoson motoci, masu alkawarin buɗi cikin kwana bakwai, ka bar su tukuna. Wasu ma bugun sata ne, da shafukan da suka ɓace, kuma haƙƙin marubuci ne ake ci.

Littafi Mai Tsarki, ka je ofishin Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki a titin Wharf, Apapa. Littattafan Turanci, ka leƙa kantin CSS a titin Broad. Na Hausa da na tarihin Arewa sun fi samuwa a Jos, a kantin Challenge ko ACTS da ke Bukuru, don haka ka ba wa wanda zai tafi gida Kirsimeti saƙo.

Yaron nawa ya sayi fassarar 1979 mai manyan baƙaƙe, ya aika Jos a kawo masa sharhin. Kuɗin ba su kai na tarihi ba, sai na ba shi aron nawa, muka shirya zai karanta babi ɗaya kowane mako, mu tattauna ranar Laraba kafin taron addu'a.