Canon 7D Mark II ko Nikon D500: wacce ta fi dacewa da hoton tseren motoci?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana son fara ɗaukar hoton tseren motoci da babura, kuɗinsa na kyamara ɗaya ne ta hannu, kuma ya rasa wadda zai zaɓa tsakanin waɗannan biyun.

Malam, kada adadin hotuna a daƙiƙa ya ruɗe ka, domin nan kunnen doki suke: kowacce tana ɗaukar 10. Motar da ke gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a daƙiƙa, wato mita 5 tsakanin hoto da hoto a duka biyun. Bambancin yana wurin tsawon lokacin da kowacce za ta jure wannan gudun. 7D Mark II, wadda ta fito a 2014, ma'ajiyarta ta wucin gadi tana cika bayan hotunan RAW (manyan fayil da kyamara ba ta sarrafa ba) kusan 31, daƙiƙa uku ke nan, sai ta fara jan ƙafa tana jiran katin memori. D500 ta 2016 tana kai 200 idan katin memori mai sauri na XQD ne a ciki. A farkon tsere, lokacin da motoci suka dunƙule a kwanar farko, daƙiƙa uku ba ta isa. Da JPEG kuwa Canon ɗin ba ta da wannan matsalar.

Sai fokas. Canon tana da ɗigon fokas (wuraren da take kama abin da ake ɗauka) 65, dukkansu masu kama layin tsaye da na kwance. Nikon tana da 153, 99 daga ciki irin waɗancan, kuma tsarin da ke cikin babbar yayarta D5 ne. A ganinmu Nikon ta fi riƙe motar da ta nufo ka gadan-gadan. Amma yawancin hotunan da ke fita dishi-dishi laifin saiti ne. A Canon ka sa AI Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, ka zaɓi saitin Case 4 don motar da ke taka birki tana sake fizga, ko Case 2 idan turaku da mutane suna gittawa. A Nikon ka sa AF-C, wato takwaran AI Servo, da Group-area AF mai haɗa ɗigo da yawa wuri ɗaya. Kada ka bar kyamara ta zaɓi ɗigo da kanta, za ta kama allon talla ko shingen waya ta bar motar.

Batir: D500 na ba da hoto kusan 1,240 a caji ɗaya, 7D Mark II kusan 670. Sai dai katin XQD ya fi CF da SD na Canon tsada da wuyar samu, ka sa shi a lissafi.

Lens ne ya kamata ya ci rabin kuɗinka. EF 100-400mm II a jikin Canon yana ba da kusanci kamar na 640mm saboda ƙanƙantar firikwensin kyamarar, kuma fokas ɗinsa na da sauri. 200-500mm na Nikon yana kai 750mm, amma ya fi nauyi, fokas ɗinsa kuma bai kai na wancan zafi ba. Idan motar ta taho ta gabanka, sa saurin shota 1/1000 na daƙiƙa ko sama. Idan ta gefe take wucewa, sauko zuwa 1/200 ko 1/125, ka bi ta da kyamara kana juya ƙugu, don tayoyi su nuna suna juyawa. A 1/2000 sai ta fito kamar an faka ta. Lokacin bin motar ta gefe, ka sa saitin hana girgiza na lens: IS a Mode 2 a Canon, ko VR a Sport a Nikon. Kada kuma ka canza lens a bakin hanya, ƙura za ta sauka kan firikwensin, ta bayyana ɗigo-ɗigo musamman a tsukakkiyar ƙofar lens ta f/11 da f/16 da irin wannan ɗaukar ke tilasta maka da rana.

Idan ba ka da lens ko ɗaya, ɗauki D500. Idan kana da na Canon, 7D Mark II ta isa, rarar kuɗin ka zuba a lens. Kafin ka biya, duba adadin hotunan da ta riga ta ɗauka, domin shotar kowacce an gwada ta ne a kan 200,000.